Darasi: Saƙar da ke Tsakanin Ƙwayoyin Jiki da Yadda Ciwon Daji ke Keta Ta

Kowace gaɓa ta jikin ɗan'adam ta ƙunshi abu biyu: ƙwayoyin halitta masu rai, da kuma wata saƙa ta zarurruka da danƙo wadda ƙwayoyin da kansu suke ƙerawa su fitar waje, sannan su zauna a cikinta ko a kanta. Wannan saƙa ce ke ba fata ƙarfi, ta ba guringuntsi laushin da yake ɗaukar nauyin gwiwa, ta kuma raba kowane nama da maƙwabcinsa. A nan za a riƙa kiran ta saƙar tsakani. Ƙarin da ya tsaya inda ya tsiro, likita na iya yanke shi a huta. Wanda ya fi kisa shi ne wanda ya keta saƙar, ya shiga jijiyoyin jini da na kaluluwa, ya je ya kafa a hanta ko huhu ko ƙashi. Saboda haka sanin ciwon daji ba ya cika sai an san abin da ke gudana tsakanin ginshiƙan wannan saƙa da sinadaran da ke yanka ta.

Abin da saƙar ta ƙunsa

Babban zarenta shi ne kolajin, furotin da ya fi kowane yawa a jiki, don ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na dukkan furotin da ke jikin mutum. Nau'insa na ɗaya shi ne dogayen igiyoyin da ke cikin fata da jijiya da ƙashi. Nau'insa na huɗu kuwa yana haɗuwa ya zama wata siririyar shimfiɗa mai ƙananan ramuka, wadda ke ƙarƙashin duk ƙwayoyin da suka lulluɓe jiki ko suka shafe cikin wata gaɓa: fata, hanji, mafitsara, bututun nono. Ita ce shimfiɗar tushe, kuma za ta yi ta dawowa a wannan darasi. Akwai elastin mai talewa ya koma, akwai laminin da faibironektin waɗanda ƙwaya ke kamawa ta tsaya. Sai kuma abin da ya cike tsakanin zarurrukan nan duka, wato furotiyogilaikan.

Majeman Sakkwato sun daɗe suna raba waɗannan sassa da hannunsu. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka yi ta ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka har ta isa Turai, in an shanya ta ɗanya sai ta ƙandare, domin danƙon da ke tsakanin zarurrukanta ya bushe ya manne su. Ruwan tokar da majemi ke jiƙa ta a ciki yana sakin gashi, yana kuma fitar da mafi yawan wannan danƙo, sai zarurrukan su saki juna, bagaruwa ta sami hanyar shiga ta kama su. A masana'antun jima na zamani har sinadarai masu narkar da furotin ake zubawa don a ƙarasa wannan aiki. Abin da ya rage a hannun baduku shi ne kolajin. Babban kaso na abin da aka wanke kuwa furotiyogilaikan ne da danginsa. A jiki mai rai ma, in aka taɓa wannan danƙo zarurruka kan saki, hanya ta buɗe.

Ƙirar furotiyogilaikan ba ta da wuyar fahimta. Furotin ne guda a tsakiya, an ɗaura masa dogayen sarƙoƙin sukari. Sarƙoƙin suna ɗauke da salfet, wanda ke ba su cajin lantarki mai jawo gishiri, gishirin kuma ya jawo ruwa, shi ya sa suke kumbura su yi yauƙi. Sarƙoƙin iri huɗu ne: hefaran salfet, kondiroitin salfet, damatan salfet da keratan salfet. Akwai ɗan'uwansu hayaluronan, wanda shi sarƙa ce zalla, ba furotin a tsakiyarsa kuma ba salfet. Yawan sarƙoƙin ya bambanta ƙwarai. Agirikan na cikin guringuntsi na ɗauke da kimanin 100, dekorin kuwa guda ɗaya tak gare shi, kuma aikinsa shi ne ya kwanta a jikin igiyar kolajin ya daidaita kaurinta. Parlikan yana cikin shimfiɗar tushe. Sindikan, waɗanda su huɗu ne, da gilifikan, waɗanda su shida ne, suna manne a fatar ƙwayar kanta, sarƙoƙinsu na lilo a waje.

An daɗe ana ɗaukar su cikon gurbi kawai. Daga baya ta bayyana cewa sarƙoƙin nan, musamman hefaran salfet, suna kama sinadaran da ke umartar ƙwaya ta girma ko ta rabu ko ta yi tafiya, su riƙe su har sai an bukace su. Daga cikinsu akwai FGF mai sa ƙwaya ta hayayyafa, da VEGF mai kiran sababbin jijiyoyin jini, da HGF mai sa ƙwayoyi su warwatsu. A 1991 ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka suka nuna cewa FGF ba ya ma iya isar da saƙonsa yadda ya kamata sai hefaran salfet ya riƙe shi a ƙofar ƙwayar. Ke nan saƙar tsakani ma'ajiya ce ta umarni, kuma duk wanda ya yanka ta ya saki abin da ke ciki.

Masu yankan

A 1962 Jerome Gross da Charles Lapiere, suna aiki a Boston, suka tambayi kansu yadda wutsiyar talibambam ke ɓacewa in zai zama kwaɗo. Suka ɗora guntun wutsiyar a kan daskararren kolajin, sai suka ga kolajin ya narke kewaye da shi. Wannan ne farkon gano dangin enzayim ɗin da a yau ake kira MMP. Enzayim furotin ne mai hanzarta wani aiki guda a jiki, aikin waɗannan kuwa shi ne datse wasu furotin. A jikin mutum akwai MMP iri 23, kowane da lambarsa, kuma kowane na riƙe da ƙwayar zinki guda a bakin da yake yanka da shi.

Ba don cuta aka halicce su ba. Su ne ke share gefen rauni don sabuwar fata ta rufe shi. Su ne ke sakin shimfiɗar mahaifa lokacin haila, su tausasa bakin mahaifa in naƙuda ta zo, su mayar da mahaifa girmanta bayan haihuwa, su kuma rage naman nono bayan yaye. Da yake aikinsu rusau ne, jiki ya yi musu takunkumi uku. Ba a ƙera su sai an sami umarni. In an ƙera su, suna fitowa da wani guntu da ya toshe zinkin, sai wani enzayim ya cire shi kafin su fara aiki. In sun fara kuma, akwai furotin huɗu da ake kira TIMP masu kama su su tsayar.

Ba su kaɗai ba ne. Akwai ADAM da ADAMTS, 'yan'uwansu na kusa, akwai hayaluronides mai gutsuttsura hayaluronan. Wanda ya fi shafar wannan darasi shi ne hefaranes, enzayim ɗaya tilo a jikin mutum da aka sani yana datse sarƙar hefaran salfet daga tsakiya. A 1999 aka gano ƙwayar gadonsa, ta hannun ƙungiyar Israel Vlodavsky a Ƙudus da ta Christopher Parish a Kanbera ta Ostareliya. MMP na yanka furotin, hefaranes na yanka sukarin da ke jikinsa, shi ya sa furotiyogilaikan ke shan yanka ta fuska biyu.

Ƙetare shimfiɗar tushe

Mafi yawan ciwon daji na manya yana farawa ne daga ƙwayoyin da ke zaune a kan shimfiɗar tushe. Muddin ƙwayoyin da suka lalace suna samanta, ko da sun yi yawa, ba su da hanyar kaiwa ga jini, domin jijiyoyin jini da na kaluluwa suna ƙarƙashinta ne. Likitoci na kiran wannan mataki da daji mai zaune a wurinsa, kuma cire shi kusan kullum yana kawo waraka. A 1980 Lance Liotta da abokan aikinsa a cibiyar binciken daji ta Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin dajin da suka fi iya narkar da kolajin na huɗu su ne suka fi yaɗuwa a jikin ɓeraye. Enzayim ɗin da ke wannan aiki su ne aka sani yanzu da MMP-2 da MMP-9. A 1994 Hiroshi Sato da Motoharu Seiki a Japan suka gano MMP-14, wanda ba ya yawo, yana kafe ne a fatar ƙwayar. Ƙwayar daji kan tara shi a kan 'yan tsinin da take miƙawa gaba, ya yanka kolajin da kansa, ya kuma cire wa MMP-2 takunkumi daidai inda take son ratsawa.

Wani abin lura shi ne ba ƙwayar dajin ce ke ƙera yawancin waɗannan enzayim ba. Takan aika saƙo ne ga maƙwabtanta masu lafiya, wato ƙwayoyin da ke saƙa kolajin da kuma fararen ƙwayoyin jini da suka zo da nufin kare jiki, su ne ke zubo su. Harold Dvorak ya yi bayani a 1986 cewa ƙari yana tayar da duk matakan warkar da rauni, sai dai ba ya barin su su kammala.

Yadda ɓangarorin biyu ke juya juna

A nan ne lamarin ya fi zurfi, domin alaƙar ba ta tsaya ga mai yanka da abin yanka ba.

A fara da dekorin. Tun 1990 aka san yana kama wani sinadari mai ƙarfi da ake kira TGF-beta ya hana shi sakat. Yana kuma manne wa wasu ƙofofin karɓar saƙon girma da ke fatar ƙwaya, ya sa ƙwayar ta haɗiye su ta lalata. Saboda haka dekorin mai taka wa ƙari birki ne, kuma a daji iri-iri ana tarar da shi ya ragu a cikin ƙarin. MMP-2 da MMP-3 da MMP-7 duk suna iya datse shi. In sun datse, birkin ya tafi, TGF-beta ya kuɓuta. A farkon cuta wannan sinadari kan hana ƙwayoyi rabuwa, amma in daji ya yi nisa sai ya koma taimakonsa: ya sa ƙwayoyin su saki juna su fara tafiya, ya kashe kaifin garkuwar jiki, ya kuma umarci maƙwabta su ƙara zubo MMP. Yanka ɗaya ya haifi wani.

Haka abin yake ga jijiyoyin jini. Judah Folkman ya kawo hujja a 1971 cewa ƙari ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu sai ya sami jijiyoyin da za su ciyar da shi. Sinadaran da ke kiran jijiyoyin suna nan ajiye a jikin sarƙoƙin parlikan da makamantansa. Hefaranes na datse sarƙar, sai sinadarin ya taso tare da ɗan guntun sukarin da zai taimaka masa ya isar da saƙo. A shekarar 2000 wani bincike a kan ɓeraye masu dajin fankiriyas ya nuna MMP-9 ne ke sakin VEGF a daidai lokacin da ƙaramin ƙari ke fara tsirar da jijiyoyi. Jijiyoyin da aka yi cikin gaggawa irin haka masu yoyo ne, kuma ta cikinsu ƙwayar daji ke samun mashiga.

Misalin da aka fi fahimta dalla-dalla shi ne na sindikan-1 a dajin ɓargo, wanda Ralph Sanderson da mutanensa a Alabama suka shafe shekaru suna bi. Hefaranes yakan rage tsawon sarƙoƙin sindikan-1 da ke fatar ƙwayar dajin, wanda ke buɗe gindin furotin ɗin ga mai yanka. Hefaranes ɗin dai yakan sa ƙwayar ta ƙara ƙera MMP-9. MMP-9 kuma ya zo ya datse sindikan-1 daga gindi, sai ya tsinke ya tafi cikin ɓargo da jini, ɗauke da VEGF da HGF a jikin sarƙoƙinsa, ya kai su ga jijiyoyin jini da ga ƙwayoyin da ke cin ƙashi. Shi ya sa masu dajin ɓargo da ake samun sindikan-1 mai yawa a jininsu sukan fi saurin taɓarɓarewa.

Ta ɗaya fuskar, furotiyogilaikan su ma suna sarrafa enzayim ɗin. Sarƙoƙin masu salfet sukan kama MMP-7 su riƙe shi a fatar ƙwaya, su kuma hanzarta cire masa takunkumi. Wani furotin na fatar ƙwaya mai suna CD44, wanda aikinsa kama hayaluronan ne, yakan riƙe MMP-9 a goshin ƙwayar da ke tafiya. Su dai waɗannan sarƙoƙi ne ke riƙe TIMP-3, ɗaya daga cikin masu tsayar da yankan, a cikin saƙar. Sarƙa ɗaya na iya ajiye mai yanka da mai hana shi, kuma wanda ya rinjaya ya danganta da inda aka ɗora salfet a jikinta.

Ba duk yanka ne ke amfanar daji ba, kuma wannan batu ne da bai kamata a tsallake shi ba. Wasu gutsattsarin da ke fitowa daga saƙar maƙiyan ƙari ne. Endostatin, wanda Michael O'Reilly ya gano a ɗakin binciken Folkman a 1997, guntu ne na kolajin na 18, wanda shi kansa furotiyogilaikan ne, kuma yana hana jijiyoyin jini tsirowa. Wutsiyar parlikan, in an datse ta, takan zama endorefelin mai irin wannan aiki, alhali parlikan ɗin cikakke yana taimakon jijiyoyin. A 2003 masu bincike a Sifen suka tarar ɓerayen da aka cire wa MMP-8 sun fi sauran kamuwa da dajin fata.

Akwai kuma tambayar da mai karatu zai iya yi: in daji narkar da saƙa yake yi, me ya sa ƙullutunsa ke da tauri? Dalili shi ne rusau da gini suna tafiya tare. Maƙwabtan da ƙarin ya tayar suna zuba sabon kolajin fiye da kima, wani enzayim ya ɗaure igiyoyin da juna, wani furotiyogilaikan mai suna barsikan da hayaluronan su taru su cika wurin da ruwa. Sabuwar saƙar ba ta da tsarin ta asali. Igiyoyinta sukan miƙe daga ƙarin zuwa waje, ƙwayoyin daji su bi ta kansu, taurin kansa kuma yana ƙara zuga su. Wannan jan da igiyoyin ke yi shi ke sa kan nono ya lotsa ciki ko fatarsa ta yi ɗan rami.

Tsargiya da dajin mafitsara a Sakkwato

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, dajin mafitsara na cikin waɗanda aka fi gani ga maza, abin da ba haka yake ba a yawancin sassan kudancin Najeriya. Wani rahoto da Mungadi da Malami suka wallafa a 2007 ya nuna cewa mafi yawan waɗanda aka duba irin dajin nan ne mai ƙwayoyi shimfiɗaɗɗu kamar na fata, kuma da dama daga cikinsu na tare da alamun tsargiya. A Turai wani nau'in ne ya fi yawa, mai alaƙa da shan taba da sinadaran masana'antu, kuma tsofaffi ya fi kamawa. Na tsargiya yakan zo wa mutum yana tsakiyar ƙarfinsa.

Tsutsar tsargiya na fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fatar wanda ya shiga. Masunta, manoman shinkafa da albasa a fadamun Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, masu noman rani a yankin madatsar Goronyo da Wurno, da yaran da ke wanka a kududdufai, duk suna cikin haɗari. Tsutsar kan girma ta zauna shekaru a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, macen tana zuba ɗaruruwan ƙwai kowace rana. Dole ƙwan ya ratsa bangon mafitsara kafin ya fita da fitsari, abin da ke kawo jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Da yawa ba sa fita. Sukan maƙale a bangon, fararen ƙwayoyin jini su kewaye su, a yi ta rusa saƙar wurin ana sake ta shekara da shekaru, har bangon ya yi tabo ya yi kauri, wani lokaci ya ƙandare da alli. Cikin mafitsara mai lafiya na da wani shafe na sarƙoƙin sukari da ke kare ƙwayoyinta daga dafin fitsari da ƙwayoyin cuta. In ya lalace, cututtuka sukan samu wurin zama, wasunsu kuma suna samar da sinadarai masu ɓata ƙwayar gado. Ƙwayar da ta lalace a irin wannan wuri takan tarar an riga an tara mata masu yanka da sinadaran girma. Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson ya lura da wannan alaƙa a Alƙahira, kuma a 1994 hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsargiyar mafitsara cikin tabbatattun masu jawo daji. A Masar, da aka rage tsargiya, wannan nau'in dajin ya ragu shi ma.

Abin takaici ne cewa har yanzu a wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini ga yaro alamar balaga. Maganin firazikwantel, wanda ake rabawa a makarantu, yana kashe tsutsar, kuma in an sha da wuri yawancin ɓarnar bangon takan warke. Tabon da ya shekara ashirin ba ya komawa. Babban mutum kuwa da ya ga jini a fitsarinsa, ko ba zafi, ya kamata a leƙa mafitsararsa, kada a ce tsohuwar tsargiya ce kawai.

Maganin da za a yi wa mai dajin mafitsara ya dogara ne ga zurfin da ƙarin ya kai. In bai shiga tsokar bangon ba, ana iya kankare shi da na'ura ta hanyar fitsari. In ya shiga tsoka, sai dai a cire mafitsarar gaba ɗaya ko a haɗa gashin daji da magani mai ƙarfi. Mafi yawan masu nau'in tsargiya suna isa asibiti ne bayan ya shiga.

Daga nan ake gane kuskuren maganar da ta yaɗu cewa daji ba ya son ƙarfe, wai in an yi masa allura ko aiki sai ya fusata ya bazu. Mutane sun ga waɗanda aka yi wa aiki suka rasu ba da jimawa ba, kuma abin da suka gani gaskiya ne. Sai dai a mafi yawan lokuta ƙwayoyin sun riga sun ƙetare shimfiɗar tushe sun tafi tun watanni kafin wuƙar likita ta zo. Ɗibar ɗan nama don gwaji ita ce hanyar sanin ko an ƙetare, kuma likitan fiɗa yana yankowa ne da lafiyayyen naman da ke kewaye don kada ya bar komai. Tsaga da sakiya da manna magani mai cin fata a kan ƙullutu su ne ke buɗe rauni a bar ƙarin a ciki, su kuma cinye lokacin da ake da shi. Matan da ke zuwa sashen gashin daji na asibitin koyarwa daga Sakkwato da Kabi da Zamfara da dajin nono, akasarinsu suna zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna sama da mutum 120,000 ne ke kamuwa da daji a Najeriya a shekara, kusan 80,000 kuma ke mutuwa.

Neman magani

Da aka gane rawar MMP, sai aka ga kamar hanya ta miƙe: a toshe zinkin, daji ya tsaya. A shekarun 1990 kamfanoni suka ƙera magunguna irin su marimastat na wani kamfani a Oksfod, aka gwada su a kan masu dajin fankiriyas da ciki da huhu da nono. Ba su tsawaita rai yadda aka sa rai ba, suka kuma jawo ciwon gaɓoɓi da tsoka har wasu suka daina sha. A 1999 aka dakatar da gwajin tanomastat, domin masu wani dajin huhu da suka sha shi sun fi waɗanda ba su sha ba taɓarɓarewa. Dalilan suna cikin abin da ya gabata. Magungunan sun toshe MMP da yawa a lokaci guda, har da masu kare jiki da masu fitar da gutsattsarin da ke hana jijiyoyi tsirowa. An kuma ba da su ga waɗanda dajinsu ya riga ya bazu, alhali a ɓeraye an ga amfaninsu ne a farkon cuta.

Yunƙurin baya-bayan nan ya fi saiti, amma shi ma bai kai ga biyan bukata ba tukuna. Wani magani da ke kama MMP-9 kaɗai bai yi nasara a dajin ciki ba. Wani mai narkar da hayaluronan ɗin da ke toshe hanyar magani a dajin fankiriyas ya faɗi babban gwajinsa a 2019. An kuma sarrafa hefarin, maganin hana daskarewar jini wanda ɗan'uwan hefaran salfet ne, don ya toshe hefaranes ba tare da jawo zubar jini ba, aka yi gwajin farko da shi a dajin ɓargo. Mai toshe MMP ɗaya da aka amince da shi shi ne ƙaramin awo na doksisaikilin, kuma don ciwon dasashi ne. Ba maganin daji ba ne, bai kamata a saye shi a kemis da wannan nufi ba.

Inda ilimin ya riga ya shiga aikin yau da kullum shi ne ɗakin gwajin nama. Sindikan-1 shi ne alamar da masu duba nama ke kira CD138, wadda suke rinawa don su gane ƙwayoyin dajin ɓargo. Gilifikan-3 yana da yawa a hantar ɗan tayi, ya ɓace bayan haihuwa, sannan ya sake bayyana a yawancin dajin hanta, cutar da ciwon hanta nau'in B da gubar fumfunar gyaɗa da masara ke haddasawa a ƙasar Hausa. Rina shi na taimakawa wajen raba dajin hanta da ƙullutun da ba daji ba, kuma da yake kusan babu shi a lafiyayyar hantar babba, ana gwada horar da ƙwayoyin garkuwar jiki su neme shi su kashe ƙwayar da ke ɗauke da shi. An kuma nuna cewa hayaluronan da enzayim ɗin da ke yanka shi, da MMP-9, suna ƙaruwa a fitsarin masu dajin mafitsara. Wannan awo bai zama na asibiti ba tukuna, don kumburin mafitsara ma na iya ɗaga wasunsu, kuma kafin ya yi amfani a Sakkwato sai an tantance yadda zai raba mai daji da mai tsargiya kawai.